Cimar yau da kullum da cututtukan zamani: hawan jini, ciwon suga da ciwon zuciya a yankin Konni, Malbaza da Illela

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 tsakanin Birnin Konni da Galmi a watannin Maris da Afrilu zai ga buhunan albasa jibge a bakin titi, manyan motoci na lodi zuwa Abijan da Akara. A kan wannan hanya kuma wasu motocin ke shigowa da farar shinkafa, taliya, fulawa, sukari, jarkokin mai da kwalayen magi, ana sauke su a kantunan Konni kafin su bazu zuwa kasuwannin Tsarnawa, Gidan Idar, Malbaza, Badagishiri, Illela da Alela. Wannan shige da fice ya sauya abin da ke cikin tukunyar mutanen gari, kuma tare da shi ya sauya irin cututtukan da ke kai su likita. Ban da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da aka saba da su, yanzu ana ganin magidanta da matan aure masu shekara 40 zuwa 60 da hawan jini, ciwon suga, ciwon ƙoda da mutuwar ɓarin jiki.

Waɗanne cututtuka ake nufi?

Likitoci na kiran su cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Manyansu su ne cututtukan zuciya da hanyoyin jini, ciwon suga, ciwon daji da cututtukan huhu masu daɗewa. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa suna kashe sama da mutum miliyan 40 a kowace shekara, wato kusan kashi uku cikin huɗu na mace-macen duniya. A Nijar, ƙiyasin hukumar na shekarar 2016 ya ɗora musu kashi 27 cikin 100 na mace-macen ƙasar. Ma'aikatar kiwon lafiya ta gudanar da binciken ƙasa mai suna STEPS sau biyu, a 2007 da 2021, kuma na biyun ya nuna cewa sama da mutum ɗaya cikin huɗu na manya yana da hawan jini.

Abin da ya haɗa waɗannan cututtuka shi ne suna ginuwa a hankali, shekara da shekaru, ba tare da ciwo ba. Gado na da nasa rabo, haka ma shekaru, shan taba, giya da zaman wuri ɗaya. Amma abinci shi ne abin da mutum ke maimaitawa sau biyu ko uku a kowace rana tsawon rayuwarsa. Wani babban nazari da mujallar likitoci The Lancet ta wallafa a 2019, wanda ya shafi ƙasashe 195, ya danganta mutuwar mutum miliyan 11 a shekarar 2017 da rashin kyawun cima. Abubuwa uku ne suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi: yawan gishiri, ƙarancin hatsin da ba a cire wa dusa ba, da ƙarancin ƴaƴan itace. Biyu daga cikin ukun ba abin da aka ci ba ne, abin da aka rasa ci ne.

Tsarin ci ake dubawa

Ana yawan tambayar likita wane abinci ne ke kawo suga, wane ne ke maganinta. Masana sun daɗe da barin wannan tambaya. Abin da suke dubawa shi ne tsarin cin mutum a mako da wata: me ya fi yawa a kwanonsa, yaya aka sarrafa shi, me aka zuba a ciki, nawa ya ci, kuma wane aiki jikinsa ya yi bayan haka.

Wani bincike da Richard Cooper na jami'ar Loyola ta Chicago da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna ƙarfin wannan tsari. Sun auna jinin baƙar fata masu tushe guda a wurare daban-daban. A Afirka ta Yamma, wato Najeriya da Kamaru, kashi 16 cikin 100 ke da hawan jini. A tsibiran Karibiyan kashi 26 ne, a Amurka kuwa kashi 33. Asali ɗaya ne, amma gishiri da ƙiba na ƙaruwa daga wuri na farko zuwa na ƙarshe, hawan jini na bin su. Tafiyar da ta ɗauki waɗancan mutane ɗaruruwan shekaru, yau ɗan Alela ko Tajaye na iya yin ta cikin shekara goma idan ya bar gona ya buɗe shago a Konni.

A wannan shekarar ce kuma aka wallafa gwajin da ake kira DASH a Amurka. An ciyar da mutum 459 tsawon mako 8, wasu da abincin da suka saba, wasu da abinci mai yawan ganye, ƴaƴan itace, wake da nono marar maiƙo. Masu hawan jini da suka ci na biyun, lambar sama ta jininsu ta sauka da milimita 11. A lissafin da ake faɗa wa marar lafiya a likitocin Nijar, kamar mai 15 ne ya dawo ƙasa da 14, ba tare da ƙwaya ba.

Cimar da aka gada

Abincin Adar da Konni na asali ya ginu kan gero da dawa. Da rana fura da nono, da dare tuwo da miyar kuka, kuɓewa ko yakuwa, wadda aka ɗaure da daddawa. Ga wake, ga dambu, ga kwaɗon zogale, rama ko tafasa da ƙuli-ƙuli. Yara na tsintar magarya, aduwa, kanya da goruba. Nama na ranar kasuwa ne ko ta suna, sukari kuwa na baƙo ne. Wanda ya ci wannan abinci shi ne mai noma, mai jan ruwa a rijiya, mai daka a turmi.

Wannan tsari na ɗauke da yawancin abin da masana ke nema yau. Gero da wake na da harza, wato dusa da zare-zaren da hanji ba ya narkarwa. Harza na rage gudun shigar suga cikin jini, tana rage kitsen jini, tana sa mutum ya ƙoshi da wuri, kuma tana kare babban hanji. Likitan nan ɗan Ayilan, Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Yuganda, shi ne ya yayata wannan batu tun shekarun 1970, bayan ya lura cewa ciwon dajin hanji da ya yawaita a Turai ba kasafai ake ganin sa a karkarar Afirka ba. OMS na ba manya shawarar samun aƙalla gram 25 na harza a rana. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi noman gero a duniya, kuma ita ce ta biyu a noman wake bayan Najeriya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 a matsayin shekarar gero domin jawo hankali ga darajarsa.

Sai dai cimar da ba ta rasa nata rauni ba. Iri ɗaya ce kusan kullum, ƴaƴan itace da ɗanyen ganye na lokaci ne, kuma a watannin bazara da farkon damina rumbu kan yi ƙasa. Yara da masu ciki ba sa samun isasshen abinci mai gina jiki. Ga kuma kanwa, wadda za a zo kanta. Saboda haka ba komawa jiya ake nema ba. Abin da ake nema shi ne riƙe ginshiƙan da ke da kyau, a cike giɓin da abin da lambunan yankin ke bayarwa.

Abin da ya sauya a gari

A garin kan iyaka kamar Konni, wanda ke fuskantar Illela ta jihar Sakkwato, rana kan fara a teburin mai shayi: burodi, shayi da madarar gwangwani, ƙwai soyayye cikin mai. Da rana shinkafa ko taliya da mai da yaji, ko garin rogo da sukari. Da la'asar lemun kwalba ko zoɓo mai sanyi. Da dare, ga mai hali, tsire ko balangu bayan tuwo. Ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza, direban babbar mota, ɗan canji da malamin lakwal duk suna cin rabin abincinsu a waje, inda ba su ne ke auna gishiri ko mai ba.

A lokaci guda aikin jiki ya ragu. Injin niƙa ya maye gurbin turmi, famfo ya maye gurbin guga, kabu-kabu ya ɗauke tafiyar da ake yi a ƙafa. Wannan sauƙi ne na gaske, musamman ga mata, amma malmalar tuwon ba ta ragu ba. Abin da jiki bai ƙona ba yana ajiye shi a matsayin kitse, kuma kitsen da ya taru a ciki, kewaye da hanta da hanji, shi ne mafi haɗari.

Gishiri, magi da kanwa

Sinadarin da ke cikin gishiri mai ɗaga jini sunansa sodiyam. Idan ya yi yawa, jiki na riƙe ruwa domin ya surka shi, jinin da ke cikin jijiyoyi ya ƙaru, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi. Da tafiya ta yi nisa bangon jijiyoyi ya yi tauri, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, ido da ƙoda su fara lalacewa. Daga nan ne mutuwar ɓarin jiki ke fitowa, wadda likitoci ke kira AVC.

Ma'aunin OMS ga babba shi ne ƙasa da gram 5 na gishiri a rana, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya da ba a tula ba, har da wanda ke ɓoye cikin burodi, yaji da abincin waje. Matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya ninka haka. A gida mai manya goma, kilo ɗaya na gishiri ya kamata ya kai kwana 20 ko da babu wani abu mai gishiri da ke shiga bakinsu. Kusan rabin nauyin dunƙulen magi gishiri ne, don haka uwargidan da ta jefa dunƙule biyar a miya sannan ta ƙara gishiri ta zuba shi sau biyu. Yajin tsire da na kilishi, busasshen kifin da aka yi wa gishiri, sardin na gwangwani da garin taliyar leda duk suna cikin lissafi.

Kanwa ma sodiyam ce, ko da yake ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai. Ana sa ta a wake don ya nuna da wuri, a miyar kuɓewa don ta yi yauƙi, a ɗan wake, da kunun kanwa na masu jego. A shekarun 1970 likitoci biyu na asibitin jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun bayyana yawan gazawar zuciya ga matan Hausawa bayan haihuwa, suka danganta shi da shan kunun kanwa mai yawa tare da wankan jego da kwanciya kan gado mai wuta. Binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya ƙara wasu dalilai, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam da hawan jinin masu ciki. Abin da ba a jayayya a kai shi ne mai jego ko mai hawan jini ba ta buƙatar ƙarin sodiyam. Jiƙa wake tun dare na rage buƙatar kanwa.

Harshe na sabawa da ƙarancin gishiri cikin makonni kaɗan idan aka rage a hankali. Albasa, tafarnuwa, citta, masoro, tsamiya, lemun tsami da daddawar da ba a cika wa gishiri ba suna ba miya ɗanɗano. Ɗan abin da za a zuba kuma ya kasance mai sinadarin iyod, saboda maƙoƙo. Wake, ganye, kuka da dabino na da potasiyam, wanda ke taimaka wa ƙoda ta fitar da sodiyam, amma mai ciwon ƙoda sai ya nemi shawarar likita kafin ya yawaita su.

Sukari da abin sha

Duk abinci mai sitaci yana komawa suga a cikin jini. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda ake kira pankireyas, ita ke fitar da insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofar shiga tsoka. Idan kitse ya taru a ciki da hanta, jiki ya daina jin insulin yadda ya kamata, gaɓar ta yi ta ƙoƙari har ta gaji. Wannan shi ne ciwon suga nau'i na biyu, wanda ya ɗauki sama da kashi 90 cikin 100 na masu cutar. Nau'i na farko, da ya fi kama yara da matasa, ba abinci ke jawo shi ba, kuma dole sai da allurar insulin.

OMS ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin rana, kimanin gram 50 ga babba, kuma ya fi kyau a tsaya a gram 25. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya kimanin gram 5 ce. Gwangwanin lemu mai santilita 33 na ɗauke da kimanin gram 35, wato ƙwaya bakwai. Madarar gwangwani mai kauri kusan rabinta sukari ne. Idan aka haɗa shayin safe, fura ko kunun da aka zuba wa sukari, shayin majalisa da ake tafasawa zagaye uku, da zoɓo ko lemun leda, mutum na iya wuce gram 100 ba tare da ya taɓa alewa ba. Zuma da tataccen ruwan ƴaƴan itace na cikin wannan lissafi. Mangwaro ko gwaiba da aka ci ɗungurungum, da zaƙin da ke cikin nono tun asali, ba sa ciki.

Sukarin da aka sha ya fi wanda aka tauna illa, domin ba ya ƙosarwa. Mutum zai sha kwalba biyu ya kuma ci abincinsa cif.

Hatsi: surfe, niƙa da girman malmala

Farar shinkafa, fulawa da taliya an cire musu dusa, don haka suna narkewa da sauri, suga ta hau da sauri. Wani nazari da mujallar likitocin Birtaniya BMJ ta wallafa a 2012 ya gano cewa kowane ƙarin kwano na farar shinkafa a rana na tafiya da ƙarin haɗarin ciwon suga na kimanin kashi 11 cikin 100. Masanan cibiyar ICRISAT, wadda ke da reshe a Sadore kusa da Yamai, sun tattara bincike a 2021 da ya nuna cewa dangin gero na ɗaga suga ƙasa da yadda farar shinkafa da fulawa ke yi.

Amma sunan hatsi kaɗai bai isa ba. Geron da aka surfa fes, aka wanke, aka niƙa lilis, aka tankaɗe, ya rasa yawancin dusarsa, kuma tuwonsa ko kununsa na iya ɗaga suga sosai. Mai ciwon suga da ya bar shinkafa ya koma cin malmala uku ta tuwon gero bai tsira ba. Sassauta surfe, haɗa surfaffe da marar surfe, rage malmala da yawaita miyar ganye su ne ke kawo bambanci. Shinkafa da wake ma ta fi shinkafa zalla, musamman idan waken ya kai rabi.

Akwai kuma batun ajiya. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna na ɗauke da gubar aflatoksin, wadda ke jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. A busar da amfani sosai kafin a zuba a rumbu, a tsince ƙwayar da ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, kada a mai da ita ƙuli-ƙuli.

Mai da nama

Gram ɗaya na mai na ba da ƙarfin abinci ninki biyu da ɗoriya na gram ɗaya na hatsi. Babban cokali ɗaya da aka kwarara kan shinkafa ya kai wani yanki na burodi. Man shanu, kitse da man ja na da nau'in maiƙon da ke ɗaga kolastirol, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyin zuciya har ya toshe su. Da yawa daga man jarka da ake shigowa da shi daga kwakwar manja aka tace shi, ko da ana kiran sa man gyaɗa a kasuwa. Man gyaɗa na gaskiya da man riɗi sun fi dacewa da zuciya, amma su ma da ma'auni. Man da aka soya ƙosai ko fanke da shi sau da yawa har ya yi baƙi ya lalace, bai kamata ya koma tukunya ba.

Yawancin gidajen yankin ba nama ne ya yi musu yawa ba, yaransu ma ƙarinsa suke buƙata, da ƙwai da nono. Gargaɗin ya shafi mai cin jan nama da kitse kowane dare. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta OMS da ke Lyon a Faransa ta sanya naman da aka adana da gishiri, hayaƙi ko sinadarai cikin abubuwan da ke jawo ciwon dajin babban hanji, ta ce gram 50 a kullum na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin 100. Kaza, zabo, kifin tafkin Ɗan Dutsi ko na Tabalak, wake da awara na iya maye gurbin jan nama a wasu ranakun mako.

Ganye da ƴaƴan itace: arzikin da ke ƙofar gida

Ma'aunin OMS shi ne gram 400 a rana, kimanin cikin tafin hannu biyar. Dankali, rogo da doya ba sa cikin lissafi. A nan yankin ya fi wurare da yawa sa'a. Filin noman rani na Konni, mai faɗin hekta 2,452, wanda madatsun Mozage da Zango ke shayarwa, da fadamun kwarin Majiya har zuwa Galmi da Dogarawa, suna fitar da albasa, tumatir, kabeji, salati, karas, tattasai da zogale. Matsalar ita ce a gidaje da yawa kayan lambu na sayarwa ne, abin da ke shiga miya ɗan ɗanɗano ne kawai.

Daga Disamba zuwa Maris kayan lambu na arha, lokacin cin su ɗanye ke nan bayan an wanke su da ruwa mai tsabta. Mangwaro na zuwa da bazara, tafasa, rama da lalo da damina, kankana da kaka. Tsakanin waɗannan lokuta akwai kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, kuka, gabu da busasshen zogale, waɗanda ke riƙe harzarsu. Kwaɗon ganye a gefen kowace shinkafa ko taliya shi ne gyara mafi arha da gida zai iya yi.

Yunwar ƙuruciya da ƙibar girma

Binciken abinci na shekara-shekara da hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ke yi ya daɗe yana nuna cewa sama da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba. Wannan na da alaƙa da cututtukan manya. An bi diddigin mutanen da aka yi cikinsu a lokacin yunwar da ta auka wa Holan a 1944 zuwa 1945, aka tarar da suka manyanta sun fi sauran kamuwa da ciwon suga da na zuciya. Jikin da ya ginu cikin rashi yana shirya kansa don tattali, idan daga baya ya samu mai da sukari da yawa sai ya kasa ɗauka. Waɗanda aka haifa a farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 su ne magidantan yau. Ciyar da mai ciki da kyau da shayar da jariri nonon uwa zalla wata 6 na cikin rigakafin hawan jinin shekara 40 masu zuwa.

Al'ada kuma na kallon tumbi a matsayin alamar samu, ƙibar mace a matsayin shaidar kulawar miji. Wannan ya sa wasu mata ke shan ƙwayoyin ƙiba na kasuwa. Wasu daga cikinsu, irin su deksametazon, suna kumbura jiki, suna ɗaga suga da jini, suna raunana ƙashi. Ma'auni mafi sauƙi shi ne tef ɗin tela: ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace alama ce ta a fara kula. Rage kaɗan ma na da amfani. A gwajin da aka wallafa a Amurka a 2002 kan mutum 3,234 da ke dab da kamuwa da ciwon suga, waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu tare da tafiyar minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, fiye da waɗanda aka ba ƙwaya. Ga mai kilo 85, kilo 6 ke nan.

Azumi da salla

A watan azumi sukari da mai na ƙaruwa a kusan kowane gida: kunu, lemun haɗi, ƙosai, soyayyen dankali, duk a zama ɗaya. Buɗe baki da ruwa da dabino kaɗan, jinkirta babban abinci zuwa bayan salla, da sahur mai wake ko fura marar sukari sun fi sauƙi ga jiki. Mai shan maganin suga, musamman mai allurar insulin, ya ga likita kafin watan ya kama, domin suga na iya faɗuwa ƙasa da rana har mutum ya suma. Addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Bayan sallar layya kuma, soyayyen naman da ake ajiyewa cikin kitse da gishiri gara a ci shi kaɗan-kaɗan cikin miya.

Gwaji da lambobin da ya kamata a sani

Hawan jini ba ya bayyana kansa, na'ura ce kaɗai ke gano shi. Idan awo ya kai 14 a sama ko 9 a ƙasa a ranaku biyu daban, hawan jini ne. Ga suga, awon safe kafin a ci komai da ya kai gram 1.26 a lita, aka maimaita ya tabbata, ciwon suga ne. Yawan fitsari da dare, ƙishirwa, rama ba dalili da gyambon da ya ƙi warkewa alamu ne da ke buƙatar gwaji nan take. Ana auna jini a cibiyoyin CSI, a asibitocin gunduma na Konni da Illela, a asibitin Galmi wanda ke aiki tun 1950, da babban asibitin jiha a Tahoua. Wanda ya haura shekara 40, ko mai tumbi, ko wanda iyayensa suka yi cutar, ya auna aƙalla sau ɗaya a shekara. Karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana ba zato ba tsammani, asibiti ake kai mutum a sa'ar, ba a jira wayewar gari.

Gyaran cima ba ya soke magani. Zoɓo marar sukari na ɗan sauke jini, zogale abinci ne mai kyau, amma babu ɗayansu da ke maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta. Wanda ya daina shan magani don ya ji sauƙi, shi ne ake kwasa zuwa wankin ƙoda a asibitin Lamorde da ke Yamai, kilomita sama da 400 daga Konni, da kuɗin da ke cinye jarin gida.

A gidajen yankin tukunya ɗaya ce ke ciyar da kowa, kuma girki na daban ga marar lafiya ba ya daɗewa: ko itace ya yi tsada, ko mai girki ta gaji, ko shi kansa ya ji an ware shi. Abin da ke ɗorewa shi ne a gyara tukunyar gida baki ɗaya. Wannan shawara ce ta mutum biyu, maigidan da ke yin cefane da uwargidan da ke riƙe da ludayi. Idan suka rage dunƙule da gishiri, suka ƙara wake da ganye, suka mai da lemun kwalba na ranar biki, tsohon da ke shan magani zai amfana a watan, yaran da ke cin kwano ɗaya da shi kuma harshensu zai tashi da wannan ɗanɗano.